Ɗalibar Auta

A bakin tagar kicin ɗinmu akwai wata fasasshiyar kwalba da Mama ta hana a jefar. Ita ce abin da Gwaggo ta fara gani ranar da ta zo. Ta taɓe baki, ta dire jakarta a kan teburin cin abinci, wanda shi ne ajin Auta.

Auta ƙanwata ce, shekarunta goma sha biyar. Ciwon asma ne ya raba ta da makaranta tana aji huɗu na firamare, Mama ta ajiye aikin koyarwa ta zauna da ita. Ciwo ya yi sauƙi, karatun gida kuwa ya zauna da gindinsa. Bakwai da rabi ake kwashe kofunan shayi a goge tebur. Lissafi har tara, sai karatu da rubutu, sai kimiyya a kicin tunda nan ruwa da wuta suke. Bayan abincin rana ni ke koyarwa, tun da na gama jami'a: tarihi da taswira. Ƙarfe huɗu kuma Auta ta kwashi abin da ta koya ta kai ɗakin Kaka, wadda ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba, ta koya mata. Dokar Mama ke nan: abin da Kaka ba ta gane ba, ba ki iya ba.

Gwaggo yayar Baba ce, shugabar makaranta mai ritaya. Ta fito da fom na makarantar kwana, da takardar tambayoyi, da wani ɗan agogon tebur.

"Na gama magana da ubanta," ta ce wa Mama. "In ta faɗi wannan, sati mai zuwa ta haɗa akwati."

Baba bai taɓa iya musu da yayarsa ba, shi ya sa ya yi sammakon fita aiki. Auta ta kalli ƙofar Kaka sau ɗaya, ta ja kujera ta zauna.

"Tambaya goma, minti arba'in."

Da farko bakin Auta ya soma motsi, yadda ta saba.

"Ba a surutu a jarrabawa, 'yar nan."

Sai ta zuba surutun a takarda. Ina tsaye a jikin firji ina ganin alƙalaminta yana gudu, har na fara murmushi. Da agogon ya yi ƙara, ta cika shafi uku, tambaya huɗu kacal ta amsa. Kowace amsa ta fara da "Kin ga," ga zane, ga misali, ga wani misalin ko na farko bai shiga ba. Mu ne muka yi mata haka. Shekara shida ba wanda ya taɓa ce mata lokaci ya cika.

"Huɗu bisa goma," in ji Gwaggo.

"Huɗun daidai ne?" Auta ta tambaya.

"Daidai ne. Amma jarrabawa ba hira ba ce." Ta tura fom ɗin gaban Mama, ta ɗora alƙalami a kai.

Daga ɗaki sai murya ta taso.

"Malama! Yau yajin aiki ake yi ne? Huɗu ta gota!"

Kaka ta fito tana dogara sanda, ta zauna a kujerar Baba. Aka faɗa mata abin da ake ciki.

"To, Shugaba," ta ce wa 'yarta, "karanto wadda ba ta amsa ba mu ji."

"Haba Inna, wannan ba harkarki ba ce."

"Ni da kujerata a ajin? Karanto."

Gwaggo ta gyara tabarau. "Me ya sa ƙanƙara take tasowa saman ruwa?"

"Shi ke nan? Ruwa in ya daskare buɗewa yake yi. Jikinsa ya ƙaru, nauyinsa yana nan yadda yake, dole ya taso. Ga kwalbar can a taga. Mu muka cika ta muka sa a firji, da safe muka tarar ta fashe. Sai da uwarsu ta yi mana faɗa. Wata?"

Gwaggo ta karanto ta husufin wata. Kaka ta sa aka miƙo mata lemo da ƙwallon zare, ta ce in riƙe tocila, ta jera mu har inuwar lemon ta rufe zaren. A ta bakwai ta cije, Auta ta buɗe baki, Kaka ta ɗaga mata hannu.

"Ba a satar amsa." Ita da kanta ta kawo ta daidai. Sannan ta juya ga Gwaggo. "Shekara talatin kina koyar da 'ya'yan mutane, ko baƙi ɗaya ba ki taɓa nuna mini ba. Yanzu da na samu malama za ki ɗauke ta?"

Ba wanda ya yi dariya, duk da ni tawa ta zo wuya.

"Gwaggo, gaskiyarki ce a kan lokaci," in ji Auta. "Ban iya gajarta magana ba. Ki ara mini agogon nan sati biyu, ki dawo da wata takardar. Goman zan yi miki."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauki littafin taswira, ta kama hannun Kaka suka shige ɗaki. Muna jin Kaka tana cewa jiya an tsaya a kan koguna, kada a yi mata tsallake. Mama ta shiga kicin ɗora shayi.

Ni kaɗai na rage, kuma mutane kan manta ina wuri. Gwaggo ta sake karanta shafukan uku a hankali, har da zanen. Ta ninke fom ɗin ta mayar jaka. Ta miƙa hannu ga agogon, sai ta gyara masa zama a tsakiyar tebur, fuskarsa na kallon kujerar Auta. Ta ɗan tsaya a ƙofar Kaka tana saurare, sannan ta sa takalmanta, ta ja ƙofar gida a hankali.