Umara Ya Yi Ritaya

Ana ruwa a Paris, an lulluɓe filin wasa da tamfol, Malam Dzarma kuma yana zaune a falonsa a Bulumkutu daga shi sai singileti, yana kallon ruwan da ke sauka a ƙasar wasu. Ƙarshen watan Mayu ne. A Maiduguri ko gajimare babu, janareta na bayan ɗaki yana shan man da matarsa Agnes ta ce na firji ne.

Tun da ya ajiye aikin koyarwa, shekararsa ta koma bin shekarar tanis. Janairu siminti a Melbourne, bazara jar ƙasa, farkon damina ciyawar London, daga nan siminti kuma har shekara ta ƙare. A duk layinsu shi kaɗai ke kallon wannan wasa. A da su biyu ne.

Na biyun shi ne Umara, mai sayar da batiran mota, mazaunin Ajilari. Sun haɗu a wani gidan kallon ƙwallo tun kafin rikici, ranar da suka nemi a canja tasha zuwa tanis, samari suka kusa fitar da su waje. Daga nan Umara ya riƙa hawo keke napep yana zuwa gidan Dzarma, ya yi la'asar a kan tabarmar da Agnes ta ware masa, ya dawo kujerarsa su ci gaba da musu. Ba sa kiran 'yan wasa da sunayensu. Gwanin Dzarma Tela ne, saboda yana ajiye ƙwallo a bakin layi kamar mai bin ɗinki, kuma ya gama wasa rigarsa ba ta jiƙe ba. Gwanin Umara Bahago ne, wanda ke bin kowace ƙwallo kamar ita ce ta ƙarshe a duniya. Akwai na uku da suke kira Roba, shi ne ke yawan cin su duka, kuma a kan ƙinsa ne kawai suka taɓa yarda da juna. Umara yakan ce Tela ɗan gata ne da bai taɓa ɗaukar batiri ba. Dzarma ya ce Bahago lebura ne da aka ba raket.

A shekarar da aka yanke layukan waya, wata safiya aka zagaye layin su Umara, aka fito da maza aka zaunar a rana, aka zaɓi wasu aka sa a mota. Umara na ciki. Shekara uku ke nan. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo labari ba, don haka ba a yi zaman makoki ba. Matarsa Zainaba ta je duk inda aka ce ta je.

Bana wasan bai yi wa Dzarma daɗi ba. Tela bai zo Paris ba, jiki ya fara ƙi. Yaran da ke tasowa duk dogaye ne, duka kawai suka iya, ba wanda ke zuwa bakin raga. Yakan faɗi haka da ƙarfi, ya juya hagu inda ɗayar kujerar take, sannan ya tuna. Agnes ta daina yi masa magana a kai.

Ita ce ta shigo da Zainaba da azahar ɗin nan. Zainaba ba ta taɓa zuwa gidan ba sai sau ɗaya, lokacin bikin 'yarsu. Dzarma ya sa riga, ya kashe sautin talabijin. Suka gaisa, ta yi masa wushe, gaisuwar Barebari, ya tambayi yara, ta ce lafiya. Ta zauna a ƙasa duk da kujerar da aka nuna mata. Sannan ta ce jiya wani mutum ya zo ƙofar gidansu, ramamme, ya ce sunansa Hamisu, an sake shi watan jiya, kuma ɗaki ɗaya suka zauna da Umara. Ta ba shi ruwa ya ƙi sha. Ta tambaye shi mijinta, ya faɗi magana ɗaya, ya ce akwai wani malami a Bulumkutu da zai gane, ya juya ya tafi.

"Malam, cewa ya yi Umara ya yi ritaya," in ji ta. "Umara bai taɓa aikin gwamnati ba. Wace ritaya?"

Ta ce ƙanin mijinta, Habib, ya fassara cewa ƙila an mai da shi wani gari ne an daina tuhumarsa. Wata maƙwabciya ta ce ƙila wani Umaran ne, ma'aikaci. Ita dai abu ɗaya take so ta sani: tana da miji ko ba ta da shi.

Dzarma ya dubi talabijin. Masu aiki na jan ruwa daga kan tamfol. A tanis, in ɗan wasa ya kasa ƙarasa wasa, sai ya je ya ba abokin karawarsa hannu ya ɗauki jakarsa, a rubuta cewa ya yi ritaya. Da ƙafarsa yake fita. Wata biyu ko uku sai a gan shi a wani filin. Ya kusa faɗa mata haka, kuma da ya faɗa ba ƙarya ya yi ba. Sai ya ce: "Ya Zainaba, ki ba ni zuwa gobe. Ina mutumin yake?"

Ta ce ya ambaci Dusuman, wajen yayarsa Aisa.

Washegari da hantsi ya hau keke napep. A shingen bincike biyu aka sauke su suka ɗaga riga. Ya sami gidan Aisa bayan tambaya, gidan laka a bakin gonakin da ba a nome ba. Hamisu na zaune a inuwar dogon yaro, ya jingina da bango ya haɗe gwiwoyi, duk da fili ya ishe shi ya miƙe ƙafa. Ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Da Dzarma ya faɗi sunansa, Hamisu ya dube shi da kyau ya ce, "Kai ne na Tela."

Bai taɓa ganin wasan tanis ba, ko a talabijin. Manomin wake ne. Amma ya san ana ƙirga sha biyar, talatin, arba'in. Ya san jar ƙasa tana rage wa ƙwallo gudu, ciyawa kuma tana sa ta zame. Ya ce ɗakin da aka tsare su ba ya ɗaukar kwanciya, zama ake yi gwiwa da baya, kuma taga ɗaya ce can sama. A makonnin farko mutane suna ta faɗa a kan wuri da ruwa. Sai Umara ya fara ba da labarin wasa. Yakan sanar cewa yau muna Melbourne, rana ta yi zafi, Bahago ne zai fara bugu. Yana yin ƙarar ƙwallo da harshe, yana yin muryar alƙali, yana hana surutu in za a buga. Ɗaki ya rabu biyu, 'yan Tela da 'yan Bahago. Wani tsoho ɗan Shuwa ya ɗauki Roba don kawai ya ba kowa haushi.

Ba su san wata ba, ba su san ranar mako ba. Kalandar Umara ce kawai. In sanyi ya shigo ta taga ya ce Melbourne ta kusa. In bango ya yi zafin da ba a jingina, sun koma jar ƙasa. Ranar da suka ji ruwa a kan kwano ya ce a shirya fararen kaya, an tafi London.

Dzarma ya ce ai ya san sakamakon, Bahago ne ya cinye komai.

Hamisu ya girgiza kai. Ya ce a jar ƙasa dai haka ne, ba a ma musu. Amma a ciyawa Tela ne ke ci, har 'yan Bahago suna cewa Umara ya sayar da su. Umara kuma yakan ce yana da aboki a Bulumkutu mai taurin kai, in ya ji an yi wa Tela ƙarya a ciyawa ba zai sake buɗe masa ƙofa ba.

Dzarma ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya tambayi maganar ritaya.

Hamisu ya ce a lokacin zafi mutane sun fara tafiya. Da safe a buɗe ƙofa a ce a fito da su. In aka faɗi kalmar mutuwa, sai ɗaki ya rikice, wasu su yi ta kuka, kuka kuma yana ƙara ƙishirwa. Sai Umara ya kafa doka: a ɗakin nan ba mai mutuwa, ritaya ake yi. Yakan faɗa da muryar alƙali, wane ya yi ritaya, a yi shiru kaɗan, kowa ya yi addu'arsa a ciki, a ci gaba da wasa.

Dzarma ya ce a wasan, wanda ya yi ritaya yana dawowa. Ya tambaya ko akwai wanda aka fitar da rai, aka kai asibiti. Ya ji muryarsa ta koma irin ta aji, yana jawo ɗalibi zuwa amsar da yake so.

"Baba, ni da tsohon nan muka ɗauke shi zuwa ƙofa," in ji Hamisu. "A jikina ya jingina. Tun kafin asuba ya yi sanyi."

Ya ce shekaranjiya ya je Ajilari da niyyar faɗa wa matar. Ya shirya kalmar tun daga gida. Da ya ga fuskarta bakinsa ya ƙi, sai waccan ta fito.

Dzarma ya tambayi lokaci. Hamisu ya ce ciyawa ce, ta biyu tun zuwansu. Umara ya kai su wasan ƙarshe, Tela da Bahago, kowa ya ci zagaye biyu, saura na raba gardama, muryarsa ta dushe har sai wanda ke kusa ya maimaita wa na nesa. Ya ce duhu ya yi a London, alƙali ya ɗage wasa sai gobe. Dzarma ya lissafa a ransa: ƙarshen Yuni ke nan, shekara biyu baya, a bakin azumi.

Da ya tashi tafiya, Hamisu ya tambaye shi wa ya ci. Dzarma ya ce ba a yi wannan wasan ba, a waccan shekarar ba su biyun suka haɗu a ƙarshe ba. Hamisu ya ce ya sani. Ya ce kawai har yanzu yana jin ƙwallon, nan da can, musamman in gari ya yi shiru, kuma ya ɗauka in wani ya faɗa masa sakamako za ta tsaya. Dzarma ya tsaya da hannu a kan ƙyauren langa-langa. Zai iya faɗin kowane suna. Ya ce ba shi ne alƙalin wasan ba, amma in Hamisu ya shigo gari ya zo Bulumkutu ya ga yadda filin yake.

Bai koma gida ba. Ya sauka a Ajilari da la'asar sakaliya, ya bi layin da bai sake bi ba tun shekarar da aka tafi da Umara. An sake fentin wasu ƙofofi. Ya yi sallama, Rahmat, babbar 'yar Umara, ta leƙo ta koma, Zainaba ta fito zaure tana gyara mayafi. Ta shimfiɗa masa tabarma, shi ya zauna, ita ta tsaya.

Tun daga Dusuman yake juya yadda zai fara. Yana da bayani a kan ɗakin, da taga, da dalilin kalmar. Ya ga duk wannan na wata rana ne.

"Ya Zainaba, Umara ya rasu. Mutumin da hannunsa ya ɗauke shi. Shekara biyu ke nan, a bakin azumi."

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, har ƙarshe. Ta dafa bango ta zauna a dokin ƙofa. Daga cikin gida ana jin tafasar tukunya da rediyon maƙwabta. Ta tambaya ko an yi masa wanka, ko an yi masa salla. Dzarma ya ce bai sani ba, kuma ba ya jin Hamisu ya sani. Ta gyaɗa kai. Ta tambaya ko ya sha wuya. Ya ce ya sha, amma har daren ƙarshe yana magana, kuma mutane na saurarensa.

"Surutu kam," ta ce. "Ai ba ya gajiya."

Sannan ta kira Rahmat ta ce ta je shagon baffanta Habib ta ce ya rufe ya zo, ya biya ya faɗa wa liman. Ta ce a aro tabarmi a gidan maƙwabcinsu Audu, a share ƙofar gida, gobe mutane za su zo. Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi Dzarma, ta sa takalmi ta fita.

Dzarma ya miƙe ya naɗe tabarmar da ya zauna a kai, ya fitar da ita waje ya shimfiɗa a gindin bango, inda maza za su zauna. Wani mai wucewa da buta a hannu ya rage tafiya, ya dubi tabarmar, ya dubi ƙofar, ya cire takalmi ya zauna kusa da shi ya ɗaga hannu.