Saura Kilomita Goma Sha Bakwai

Babba ya zare wayar caji daga jikin motar, ya naɗe ta a gwiwar hannu, sannan ya leƙa allon da ke bayan sitiyari. Batir ya cika maƙil, amma lambar da ta fito ɗari da arba'in da biyu ce. Shekara shida da suka wuce, lokacin da ya fara haya da motar nan, kilomita ɗari uku da goma take yi da caji ɗaya. Asibitin idon da zai kai mahaifiyarsa yau kuwa ɗari da ashirin da shida ne daga ƙofar gida.

Matarsa ta fito da jakar Inna, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta miƙa masa ba.

“Baban yara, ka bar Auta ya kai ta mana. Ya ce yau ba shi da fasinja.”

“Auta ne ya kai ta awon farko? Shi ya yi ta zaryar karɓo mata kati?”

“Ban ce ba kai ba ne. Motar ce nake ji.”

“Motar lafiyarta lau. Kawo jakar.”

Auta ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a cikin motar nan Babba ya koya masa tuƙi. Wata bakwai ke nan da Auta ya fito da tasa sabuwa, fara ƙal, wadda ke wuce kilomita ɗari huɗu ba ta nemi wuta ba. Tun daga nan fasinjojin nesa suka zame ɗaya bayan ɗaya suka koma wurinsa: 'yan filin jirgi, da malamar nan mai zuwa ganin 'yarta duk ƙarshen wata. Babba ya koma ɗan cikin gari, daga kasuwa zuwa makaranta. Duk wannan ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a maƙoshi shi ne maganar Inna ta makon jiya, da ta ce a gaban surukanta, “Ita motar Auta ba ruwanta da tsayawa shan wuta a hanya.” Ba da wata manufa ta faɗa ba, ya sani. Amma kwana shida yana jin maganar kamar tsakuwa a takalmi.

Inna ta fito tana laluben bango. Yanar da ke idonta na dama ta rufe shi gaba ɗaya, na hagun ma dishi-dishi yake gani. Ƙarfe sha ɗaya aka ba ta. Likitan da ke aikin sau ɗaya yake zuwa a wata uku, wanda ya makara sai wani zuwan.

“Kai ne za ka kai ni, Babba?”

“Ni ne, Inna. Ko akwai wani da kike jira?”

“Wa zan jira? Allah ya kai mu lafiya.”

Suka bar gari ƙarfe takwas. Ya sauke gilasai, ya bar esi, na'urar sanyaya mota, a kashe, ya ɗora ƙafa a kan totur a hankali kamar mai taka ƙwai. Manyan motoci suna ta wuce su suna danna hon. Kafin su yi rabin awa rana ta buɗe, gumi ya fara bin wuyan Inna, ta kama bakin mayafi tana fifita.

“Abin sanyin nan ya lalace ne?”

“Sanyi ba shi da kyau ga mai ciwon ido.”

“To,” in ji ta. “Likitoci dai ba su gaya mini ba, amma tunda kai ka ce.”

Idonsa na kan allo. Sun ci kilomita hamsin, lambar kuwa ta sauka da sittin da huɗu. Haka take yi yanzu, da safe ta yi alkawari, a hanya ta warware. Bakaniken da ya duba masa batirin ya ce babu abin gyarawa a ciki, tsufa ne, sai dai a sake wani, kuma sabon batir ya kusa kai darajar motar kanta.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya zaro ya ga Auta ne, ya mayar da ita.

“Wa ke kira?”

“'Yan tasha ne.”

A rabin hanya akwai gidan mai da ke da wurin caji, a nan ya ɗora begensa. Da suka shiga sai ya tarar an ɗaure kan na'ura ɗaya da leda, alamar ta lalace. Ɗayar kuma wata motar kaya ce a jone, ga wasu biyu suna jira a baya.

“Malam, minti goma kawai nake nema,” ya ce wa mai kula da wurin. “Mara lafiya na ɗauko.”

“Wallahi kowa da uzurinsa, direba. Wancan tun bakwai yake nan. Ka ba shi awa ɗaya da rabi, layi zai zo kanka.”

Babba ya dubi agogo, tara da kwata. Ya dubi allo: sittin da ɗaya. Saura sittin da uku a isa. Ya san bayan gadar gaba akwai gangara mai tsawo, kuma motar takan ɗan tsinci wuta in tana gangarawa. Wayarsa ta sake yin ƙara a aljihu. Da ya ɗauka a lokacin, da magana ta ƙare. Sai ya hango yadda za a yi: farar motar ta shigo tana sheƙi, Auta ya buɗe wa Inna ƙofa, mutanen layin nan su bi su da kallo, shi kuma yana tsaye da wayar caji a hannu. Ya koma mazauninsa ya ja ƙofa da ƙarfi.

Gangarar ta ba shi kilomita huɗu. Hawan da ya biyo bayanta ya ƙwace sha ɗaya. Daga nan lambar ta riƙa zubewa biyu-biyu, har ta daina nuna komai sai layuka. Can wani ɗan hoton kunkuru ya kunnu a allo, motar ta saki jiki, ko ya take totur har ƙasa ba ta wuce gudun keke.

“Me ya yi ƙara haka?” in ji Inna.

“Ba komai.”

“Babba, idona ne ba ya gani. Kunnena ƙalau yake.”

Ya samu ya gangara da ita gefen titi, kusa da wani wurin buga bulo, ta tsaya cak. Allon bakin hanya ya nuna saura kilomita goma sha bakwai. Ya fita ya tsaya yana ɗaga hannu. Bas ta wuce a cike, wata ƙaramar mota ta rage gudu, mai ita ya leƙo ya ƙara wuta. Da ya waiwayo sai ya ga Inna ta ɗora jakarta a cinya ta rungume, leɓɓanta sun bushe, tun jiya da yamma ba ta ci komai ba saboda aikin. Ba ta yi masa faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi masa sauƙi.

“Ƙarfe nawa?” ta ce.

“Goma da minti ashirin.”

Ta gyaɗa kai, ta juya fuska wajen masu buga bulo.

Ya zaro wayar. Bugu ɗaya Auta ya ɗauka.

“Yaya, ga ni nan a bayanku. Na hango ku ma. Tun da kuka fita Anti, matarka, ta kira ni, sai na biyo a hankali.”

Ashe duk lallaɓa totur ɗin nan da yake yi, da gumin da ya sa tsohuwa ta sha, ƙanensa na biye da shi cikin sanyi yana jiran ya faɗi. Babba ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Bai gama mayar da wayar aljihu ba farar motar ta tsaya a bayan tasa, ko ƙura babu a jikinta.

Auta ya fito da sauri ya kama hannun Inna. Da ta zauna sanyi ya buge ta, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya wadda Babba ya ji har cikin ƙashinsa.

“Yaya, ka karɓi tuƙin,” in ji Auta, yana miƙa masa makulli. “Ka fi ni sanin hanyar.”

“Tuƙa abarka.”

Ya kulle tasa, ya roƙi mai wurin bulon ya sa mata ido, ya shiga baya. Kujerar har yanzu tana ƙamshin sabunta. Suka isa asibiti sha ɗaya saura minti takwas. Wata ma'aikaciyar jinya ta duba katin, ta ce sun yi sa'a, ta wuce da Inna ciki.

Suka zauna a benci a baranda, da tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. Auta ya tashi ya sayo ruwa gora biyu, ya ajiye ɗaya kusa da yayansa, ya ce zai kira mai janwe ya ɗauko motar. Babba ya ce ya ji. Ta tagar barandar ana hango farar motar a tsakiyar fili, rana na dukanta.

Bayan wani lokaci Auta ya gyara murya.

“Yaya, da ma ina son tambayarka wani abu. Ita tawa, da tana sabuwa ɗari huɗu da ashirin take nunawa in ta cika. Yau da safe ɗari huɗu da shida na gani.”

Babba ya juyo.

“Wata bakwai kacal?”

“Wallahi. Kuma kullum sai na cika ta fal a na'urar nan mai sauri ta tasha, don kada ta ba ni kunya. Ko wani abu nake yi ba daidai ba?”

Wani sanyi ya ratsa ƙirjin Babba, irin wanda bai ji ba tun safe, har sai da ya sunkuyar da kai ya buɗe gorar ruwan don kada a gani a fuskarsa. Ya san amsar sarai. Shekara uku ya yi yana wannan cikawar a na'ura mai sauri, yana barin tasa a rana, kafin bakanike ya gaya masa su ne suka cinye masa batir. Auta na kallonsa da irin idon da yake kallonsa da shi a da, lokacin da yake koya masa ribas.

Ƙofa ta buɗe, ma'aikaciyar ta leƙo ta ce an gama lafiya, nan da minti ashirin za a fito da ita. Auta ya ce alhamdu lillahi, ya sake juyowa yana jiran amsa.

Babba ya kurɓi ruwan, ya rufe gorar a hankali.

“Tashi ka mayar da motar inuwa,” ya ce. “Rana ba ta yi wa batir daɗi.”

Auta ya miƙe da sauri ya nufi fili. Babba ya bi bayansa da kallo. Maganar cajin ma zai gaya masa, ya ce a ransa. Zai gaya masa, amma ba yau ba.