Sandar Totur a Motar Alhaji Kawu

Karo na uku ke nan Isiyaku makanike yana jan sandar totur da yatsa yana saki, karo na uku kuma tana komawa da ƙyar, kamar tana jin nauyin jikinta. Ya miƙe daga bayan motar dafe da ƙugu, ya goge hannu da tsumma, ya tsaya yana kallon injin.

Motar tsohuwar Bitil ce, irin wadda ake kira kunkuru, mai inji a baya. Alhaji Kawu ya saye ta sabuwa fil tun yana fataucin gyaɗa. Ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumfa kaji na kwana a ciki, sai bana autansa Uzairu, wanda ke aikin ofis a Abuja, ya ce a tashe ta. Isiyaku ya tashe ta, kuma da kafiretarta guda ta asali lafiya lau take tafiya. Amma Uzairu ya gani a waya cewa masu irinta a ƙasashen waje biyu suke sa mata, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya yi odarsu, tare da wata sanda mai ƙyalli da za ta haɗa su, yadda in an taka totur za su buɗe tare, in an ɗaga ƙafa su rufe tare.

Kafiretocin ba su da laifi. Sandar ce ba a yanka ta don wannan injin ba. Tsakaninta da gidan dinamo, na'urar cajin batir, bai fi kaurin farce ba, kuma Isiyaku ya san injin nan kamar yunwar cikinsa: in ya ɗau zafi buɗewa yake yi. Abin da ya rage kaurin farce da safe, da azahar babu shi.

Wajen ƙarfe goma Uzairu ya iso garejin, ya bar motarsa a kunne saboda sanyi, ya tako yana ɗage bakin wando.

"Baba Isiyaku, sannu da aiki. An gama?"

"Yauwa, Alhaji ƙarami. Saura kaɗan. Amma akwai magana."

Ya nuna masa inda sandar ke neman gogar ƙarfe. Sannan ya ɗauko wani ɗan akwati da ya haɗa da kansa: kebur ɗin totur guda ya shiga, biyu sun fito, irin na babur, kowanne da sifirin ɗinsa mai mayar da shi.

"Wannan ya fi dacewa da ita. Kebur lanƙwasa yake yi, ba ruwansa da zafi. In ma ɗaya ya tsinke, rufewa za ta yi, a tsaya a gefen hanya. Sanda kuwa in ta cije, a buɗe take cijewa."

Uzairu ya karɓi akwatin da yatsu biyu, ya juya shi, ya yi dariya.

"Haba Baba. Kayan babur? Gobe mai hoto zai zo daga Kano, za a buɗe bayan motar nan kowa ya gani. Injiniyoyi ne fa suka zauna suka ƙera sandar nan."

"Ban musa ba. Amma ba wannan injin suka gani ba."

"Saiti ne kawai. Ka saita ta." Ya miƙa masa akwatin, ya duba agogo. "Gobe da hantsi za mu ɗauki Alhaji zuwa Kibiya, ya yi Juma'a a can, ya ga ƙanwarsa. Ni zan ja. Shekara nawa yana maganar motar nan? Kada a ba ni kunya."

Bayan ya tafi, Isiyaku ya zauna a kan wani tsohon batir. Shekara talatin da ɗaya yana kan filin nan, babu takarda, babu haya, maganar Alhaji Kawu ce kawai: zauna ka nemi abinci. Yanzu Alhajin ya haura tamanin, 'ya'yansa kuwa sun zo sau biyu da mai awon fili suna maganar gina shaguna a wurin. Uzairu kaɗai ne a cikinsu ke cewa a bar Baba Isiyaku, yana da amfani. Motocin yanzu kuma ba su da kafireta, sai na'ura. A shekara hamsin da tara, ina zai je ya fara?

Ya wanke hannu da omo, ya sa hula, ya nufi gidan Alhaji Kawu.

Ya same shi a zaure a kan kujerar guragu, an rufe masa ƙafafu da mayafi. Isiyaku ya durƙusa ya gaishe shi.

"Wane ne?"

"Isiyaku ne, Baba Alhaji. Na gareji."

"A'a, Isiyaku! Yaya motar? Ta tashi?"

"Ta tashi. Sai dai akwai wani ƙarfe da Uzairu ya kawo, ni kuma ina ganin..."

"Ka san da ita na kai Jumai asibiti ranar da za ta haifi Uzairu? Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya." Tsohon ya yi murmushi, idanunsa na kallon bango. "Gobe zan shiga. A gaba zan zauna."

"Allah Ya kai mu. Baba Alhaji, ƙarfen nan..."

"Abin da yaron ya ce, shi za a yi. Ya yi karatu." Can ya juyo. "Wane ne?"

Isiyaku ya sake faɗin sunansa, ya yi sallama, ya fito.

Bayan azahar ya saita sandar iyakar iyawarsa. Ya goge gefenta da zarto, ya sa mata giris, ya ƙara sifirin. A tsaye motar ta yi kyau, silo ɗinta, wato bugun injin in ba a taka ba, daidai, ƙarar har da daɗi. Ya ce a ransa wataƙila tsufa ne ke sa shi tsoro. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya kama hanyar Rurum.

Tafiyar minti ashirin babu abin da ya faru. Dawa ta yi kai a gonaki hagu da dama, rana na dukan rufin motar. Ya juyo, ya taka sosai don ya haye wani ɗan tudu. Da ya kai sama ya ɗaga ƙafa, totur bai biyo ƙafar ba.

Injin ya ɗauki kuka. A gangaren, garken shanu na tsallaka titi. Ya taka birki, motar ta ƙi saurara, ya sa yatsan ƙafa ya ɗago fedar totur, a banza. Ya danna kuloci, kukan ya ninka, ya kai hannu ya murɗe makulli. Motar ta yi ta gangara shiru, tana ja gefe, ta tsaya da gabanta cikin ciyawa, taku uku daga wata farar saniya da ko motsi ba ta yi ba.

Mai shanun, wani dattijon Bafulatani da sanda a kafaɗa, ya zo ya leƙa ta taga.

"Subhanallahi! Malam, lafiya? Kai ne ka ƙi tsayawa ko ita?"

"Ita ce," in ji Isiyaku. Ya buɗe ƙofa ya fito.

"To, dabbar da ba ta jin kira ba a fita da ita cikin mutane."

Ya jira kusan rabin sa'a a inuwar wata ɗorawa. Da injin ya huce, sandar ta saki da kanta, ƙas, kamar ba ita ba. Daga nan ya kira Uzairu, ya faɗa masa komai, bai rage ba bai ƙara ba.

Uzairu ya ce, "Ka tabbata ba kai ka ɗaure ta da yawa ba?"

"Alhaji ƙarami, ni na goya ka a garejin nan. Ba zan yi maka ƙarya a kan ran mahaifinka ba."

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Baba. Amma kowa da zamaninsa. In ta gagare ka, ka faɗa mini yanzu, akwai wani a Kano, da asuba zai taso ya ɗaura." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sai dai ka san su Yaya. In suka ji har motar Alhaji sai da aka ɗauko wani daga Kano, ban san me zan ƙara ce musu ba."

Isiyaku ya riƙe wayar a kunne bayan an kashe. Na Kano zai zo da sanyin safiya, ya ɗaura, ya taka, ta koma lafiya lau, ya kama hanyarsa. Zafin sai a hanyar Kibiya, tsoho a kujerar gaba, Uzairu da bai taɓa jan mota mai kuloci a guje ba yana neman makulli. In ya ƙi aikin, haka za a yi. In ya yi aikin yadda aka ce, haka za a yi. Ya sake danna lambar.

"Bar na Kano. Za ta yi."

Ya lallaɓa da ita gareji a giya biyu. Matarsa Barira ta aiko da abinci, bai buɗe kwanon ba. Ya cire ƙafafun sandar daga jikin kafiretocin, ya yanke su da zarto yadda ba za su taɓa komai ba, yankan ya ɓuya a bayan gwangwanayen tace iska. Ya bi da keburansa ta ƙasa, ya shafa musu baƙin fenti, ya ɗaure ɗan akwatin a inda sai an kwanta za a gan shi. Sandar kuwa ya bar ta a mazauninta, ya rataya mata wani sifirin mai laushi don ta riƙa juyawa in an taka. In ta cije, ita kaɗai ta sani.

Saita keburan ya fi komai cin lokaci. Ya sa guntun tiyo a kunne, yana sauraren numfashin kafiretar dama, ya koma ta hagu, ya murɗa noti kaɗan, ya sake saurare, har sai da muryoyin biyu suka zama ɗaya. Kiran magariba ya same shi a nan. Washegari bayan asuba ya ƙarasa, da rana ta ɗaga ya kai ta tudun jiya sau uku. Duk ɗaga ƙafa sai ta rufe, tsaf.

Bai ji daɗi ba. Tunda ya fara riƙe sufana bai taɓa ɗaura wa mota abin da ba ya aiki ba.

Da hantsi ƙofar gidan Alhaji Kawu ta cika. Aka ɗauko tsohon cikin farar babbar riga, aka zaunar da shi a gaba. Ya shafa sitiyari, ya shafa gilashi, leɓensa na motsi. Uzairu ya ɗaga murfin baya, mai hoto ya matso.

"Baba Isiyaku, taka mana mu gani."

Isiyaku ya zura hannu ta ƙofar direba ya danna fedar. Injin ya amsa, sandar ta juya tana walƙiya, ta koma. Mutane suka yi ta ma sha Allah.

Uzairu ya zo ya dafa kafaɗarsa, fuskarsa cike da fara'a. "Ka gani? Na ce maka saiti ne. Wallahi Baba ka iya aiki, tsoro ne kawai ya yi maka yawa. Su Yaya ma sun gani da idonsu." Ya duba wayarsa. "Tun jiya na tura wa abokaina hoton sandar. Biyu a Kano suna da irin motar, har sun yi odar sandar."

Isiyaku ya juyo ya dube shi. "Wa zai ɗaura musu?"

"Makanikansu mana. Tunda an ga tana yi."

Daga cikin motar tsohon ya ɗaga murya yana tambayar me ake jira, kada a rasa sahun gaba. Uzairu ya rufe murfin, ya zagaya ya kama ƙofa. Isiyaku ya dubi 'yan'uwan Uzairu da ke tsaye a bakin zaure, ya dubi mai hoto, ya dubi tsohon.

"Alhaji ƙarami."

"Na'am, Baba?"

"Ka ce musu kada su ba kowa. Su kawo nan, ni zan ɗaura musu. Saitin yana da wuya."

"Ka ga kasuwa ta buɗe ke nan," in ji Uzairu yana dariya. Ya shiga, ya sa giya, motar ta ɗan yi tsalle, ta miƙe hanyar Kibiya.

Isiyaku ya tsaya har ƙararta ta ɓace. Sannan ya juya, ya bi ta layin masu kayan babur, ya ce a ba shi kebur ɗin totur guda huɗu, bibbiyu don motocin Kano.