Cikin Sabiru a Buɗe

Bijimi ya soki Sabiru da ƙaho a kasuwar Mai'adua. Bayan tiyata a Daura, likita ya bar cikinsa a buɗe, ya lulluɓe da leda mai tsabta. Ya gaya wa matarsa Adawiyya hanjin ya kumbura, in an ɗinke yanzu numfashi zai gagare shi.

Wansa Mainasara ya leƙa, ya fito yana salati. "Sun farke shi sun bari! Gida za mu kai shi, ya cika a ɗakinsa."

Adawiyya ta tare ƙofa. "Yaya, ka yi haƙuri, amma ba mai taɓa gadon nan. Mijina da ransa."

Mainasara ya yi faɗansa ya tafi. Da kumburin ya sace aka ɗinke cikin, kuma kafin girbin gero Sabiru ya koma gida Kongolam da ƙafarsa.