Makullin Motar Alhaji Nababa

Idan kamfani mutum ne, kamar yadda doka ta ce, me ya sa ba a taɓa jin an ɗauke shi an shiga daji da shi ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, har yau ban samu amsa ba.

A bakin Alhaji Nababa na fara jin zancen. Shi ne mai kamfanin yankan katako da ke bakin hanyar Kaduna. Duk ma'aikacin da ya zo neman albashi sai ya ce masa, "Ni ba ka bi na komai. Kamfani kake bi, ni ma yaronsa ne."

Da kotu ta ce a rufe kamfanin, sai aka turo wani lauya, Barista Isaiah, ya tattara kadarori ya sayar ya sallami masu bin bashi. Ya tarar da zarto mai tsatsa da kujeru da tsohuwar kalanda. Babbar motar ɗaukar gungume kuwa babu ita.

"Alhaji, ina makullin mota?"

"Wace mota? Wannan tawa ce, Barista. Da gumina na saya."

"A takarda ta kamfani ce."

"To, takardar ta tuƙo maka ita."

Duk kasuwa an san an kai motar gonar surukinsa a bayan Dogon Dawa, an lulluɓe ta da kara. Ba wanda ya faɗa wa Barista. Abin da Nababa ya manta shi ne lambar wayarsa, wadda ya sa aka rubuta da jan fenti a ƙofar motar, ƙarƙashin kalmar "Shugaba".

Ranar kasuwa muna rumfar mai shayi wayar Nababa ta yi ƙara. Ya buɗe muryar wayar kamar yadda ya saba, don a ji da manya yake hulɗa.

"Kai ne Shugaba?" in ji mai kiran. "Mun tsinci motarka a dajinmu. Ka zo da kanka mu gaisa. In ba ka san hanya ba, mu mun san gidanka."

"Ranka ya daɗe, ai motar kamfani ce."

"To, turo mana kamfanin."

Auta, tsohon direban motar, wanda ya manta kamannin albashi, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Haba Alhaji, ai da guminka ka saya."

Nababa ya kashe wayar. Ya tashi ya nufi tasha, muka bi shi. Can ya cim ma Barista yana shirin shiga motar Kaduna. Ya kwance makullin daga mazagin wandonsa, ya kamo hannun lauyan ya danƙa masa, ya matse yatsun a kai.

"Jama'a, ku shaida," in ji shi. "Motar kamfani ce. Barista, bari in ba su lambarka."