Kwalin Japhet

Japhet ya kashe babur a ƙofar gidan Francis, amma bai sauka ba. Takardun labarin da ya rubuta suna cikin rigarsa, gumi ya fara jiƙa su.

Kowa ya san rumfarsa ta kaset a kasuwar Zuru. Duk sabon kaset da ya fito sai ya saurara, ya yanki kwali, ya rubuta hukuncinsa, ya rataya. 'Yan kabu-kabu ba sa saye sai sun karanta. Ya samo dabarar ce daga wata tsohuwar mujalla da babansa soja ya dawo da ita daga Laberiya. A ciki akwai labarin wani Ba'amurke da ya yi shekaru yana auna kiɗan jitar mutane, daga baya ya koma rubuta labaran dodanni. Japhet ya daɗe yana yin na farkon. Yanzu ya yi na biyun: labarin dodon da ke kwance ƙarƙashin dutse yana haɗiye gangunan gari.

Littafi ba zai sayu ba, sai kaset, kuma kafin bikin Uhola, lokacin da 'yan gari ke dawowa gida. Na'urar ɗaukar murya mai kyau guda ce a unguwar, ta Francis. Bara Francis ya fitar da kaset ɗinsa na farko. Japhet ya rubuta a kwali: "Jitar tana kuka da Turanci. Mai ita bai taɓa riƙe fartanya ba."

Keziah, matar Francis, ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"A'a, yau alƙali ne da kansa? Baban Monica, fito, an zo yanke maka hukunci!"

"Ina kwana, madam."

"Mun kwana. Fartanyar ka kawo mana?"

Francis ya fito ba riga. Ya saurari buƙatar har ƙarshe. Sannan ya buɗe tafin hannunsa a gaban fuskar Japhet. Duk ya yi kanta.

"Ka san shekarun da na yi ina golmo a gonar baban wannan matar? Ni da abokaina, tun asuba, kafin a ba ni ita. Ka rataya a kasuwa cewa ban taɓa riƙe fartanya ba. Surukina ya aiko yana tambaya, wai wa ya nome masa gona ke nan."

"Kiɗan nake nufi."

"A garin nan? Ka faɗa wa namiji haka, ka ce kiɗa kake nufi?"

Japhet ya dubi ƙasa. Ya juya zai tayar da babur.

"Shigo," in ji Francis. "Amma da sharaɗi. In mun gama, ni zan rubuta kwalin. Kai za ka rataya. Ko me na rubuta."

Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da buhuna. Japhet ya tsaya gaban makirufo, yau shi za a saurara. Bai taɓa sanin haka ake ji ba. Ya fara karatu, ya yi tuntuɓe a layin farko. Ya sake farawa.

Da ya kai inda samarin gari suka hau dutsen da fartanyoyi don su tono gangunansu, sai ya ji jita ta shigo a bayansa. Ba irin kukan bara ba ne. Francis yana danne tsirkiya da gefen hannu, yana bugawa: sara, ja, sara, ja. Sahun 'yan golmo ne sak, idan sun jeru a kunya ɗaya. Japhet ya ɗago kai.

"Ci gaba, ba da kai nake ba," in ji Francis. "Tun bara nake neman wannan bugun."

Keziah ta zo kawo ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa da kofin a hannu. Ba ta ajiye ba sai da dodon ya amayar da ganga ta ƙarshe.

"To, dodon ya mutu ko bai mutu ba?"

"Sai kashi na biyu."

"Ka ji mugu."

Francis ya yage murfin kwalin sabulu, ya rubuta a kan gwiwarsa, ya miƙa. Japhet ya karanta a tsaye.

"Dodon yana magana kamar mai karanta labaran duniya a rediyo. Farkon ya yi tsawo. Amma matata ta bar tuwo ya ƙone."

"Farkon bai yi tsawo ba," in ji Japhet.

"Haka ni ma na ce bara."

Da yamma ya koma rumfa. Ya daɗe riƙe da kwalin. Akwai ƙusa a can baya, kusa da tsofaffin kaset, inda ido ba ya kaiwa. Ya dube ta. Sannan ya cire kwalin da ke gaba, ya rataya na Francis a wurin.

Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana karantawa yana motsa leɓe. Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Oga, yau kai aka yanka? Ina kaset ɗin?"

"Jibi."

"Ajiye mini ɗaya. Ina son in ji abin da ya ƙona tuwo."