Fuskar Inna

Shekara goma sha tara ke nan ban bar rana ta faɗi ban zana wani abu ba. Kada wani ya ɗauka sana'ata ce. Ni manomin albasa ne a Aliero kamar ubana, kuma zane bai taɓa saya mini ko goro ba. Wani taba ce jarabarsa, wani ƙwallo, ni tawa ke nan. In na dawo daga fadama na watsa ruwa, sai in zauna a zaure da fensir in zana abin da idona ya kwaso a ranar: jakin da ya ƙi tashi da buhu, injin ban ruwa, dillalai suna cacar baki a kan tulin albasa. Launi ma ni nake haɗa abina. Ɓawon albasa in ya dahu ya yi kauri yana ba da ja mai duhu, bular wanki ta ba ni sararin sama, lalle da gawayi su ƙarasa sauran.

Wanda ya ɗaure mini gindi a wannan hauka shi ne Abdulrahman, abokina tun sakandare, malamin firamare a Maiyama. Shi ma yana taɓawa, ko da yake har gobe shanunsa kamar karnuka suke fitowa. Kowace ranar kasuwar Jega nakan aika masa da ambulan, shi ma ya aiko da nasa. Ba a ciki kaɗai zanen yake ba, jikin ambulan ɗin ma gaba da baya nake cikewa, har kan sarki nake yi da hannu, in sa albasa a tsakiya. Muntari direba ke kai mana. Kafin ya kai, sai ambulan ya zaga tashar Jega hannu zuwa hannu, direbobi suna nuna juna a ciki suna shewa. Su suka fara cewa hannun Sabi'u ba ya ƙarya. Na ji daɗin maganar, kuma ba zan ɓoye ba, ta hau mini kai.

Ni ne ɗan farin Inna, Sabi'u kuwa sunan kakana ne na ci. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Sabiyal, ban dawo gidanmu ba sai da ta rasu, ina da shekara goma sha uku. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. “Wancan” nake a bakinta. In na zo gaishe ta nakan durƙusa daga bakin ƙofa kaina a ƙasa, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma duk unguwa ana yaba mana a kanta. Ƙanwata Uwani ita ce abokiyar dariyarta. Shekara huɗu da suka wuce Uwani ta rasu wajen haihuwa, daga nan tunanin Inna ya fara zubewa. Sai ta ɗaura gyale ta ce za ta Sarandosa wajen uwarta, matar da ta yi shekara arba'in a ƙasa.

Na zana Inna ya fi sau ɗari. Tana tsintar wake, tana alwala, tana zaune gindin darbejiya da carbi. Duk daga baya ne, ko daga nesa, ko hannuwanta kaɗai. Ban taɓa zama na tambayi kaina dalili ba.

Ranar da ta ɓace muna tsakiyar kwasar albasa, cikin zafin nan na bazara da ko kaza ba ta son fita. Matata Ramatu ta kai niƙa, ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe. Kafin azahar mun zazzage Aliero kaf. Wani mai keke ya ce ya ga wata tsohuwa ana taimaka mata ta shiga motar Jega. Ranar kasuwa ce kuwa. Wanda ya san Jega ranar kasuwa ya san abin da nake nufi: hatsi, dabbobi, babura, mutum a kan mutum, ka saki hannun ɗanka ma sai Allah.

Mun ba da cigiya a masallatai, mun je wajen 'yan sanda, mun kai gidan rediyo. Ko'ina tambaya ɗaya ce, ina hoto? Babu. Inna ba ta taɓa yin katin komai ba, cewa take ba inda za ta. In aka ɗaga waya a wajen biki sai ta ja gyale ta rufe fuska. Abin da muke iya faɗa shi ne tsohuwa ce doguwa mai shuɗin zane, wato rabin tsofaffin ƙasar Kabi.

A tasha Muntari ya dafa ni ya ce, “Malam Sabi'u, kai da kaz zana mu dud da haƙoranmu, uwarka za ta gagare ka? Zano ta mu raba ma direbobi.”

Washegari da hantsi na zauna a zaure da farar takarda. Na yi gyalen, na yi wuya da kafaɗa, hannuna yana gudu kamar kullum. Da na zo fuska sai ya tsaya. Na rufe ido na kira ta, abin da ya zo mini shi ne ƙafafunta a kan tabarma da gefen kunnenta. Can sai wata fuska ta taso, cikakkiya, mai faɗin goshi da kumatu, tana dubana ido cikin ido. Na ce alhamdu lillahi, na zuba ta a takarda. Ta yi kyau ƙwarai, har da ruwan ɓawon albasa na yi mata fata.

Ramatu ta kawo mini kunu ta tsaya a kaina. Ita ke yi wa Inna wanka, ita ke ba ta magani a baki. Ta daɗe tana duba takardar.

“Malam, wagga ba Inna ba ta.”

“Mi kic ce?”

“Ba ita ba ta. Huskatta ba ta da wanga cika. Ka bari in hwaɗa maka ka gyara.”

Da na yi shiru na miƙa mata kunne, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma mutum ne ni mai zuciya, ga rashin barci, ga kunyar da ban san inda zan ajiye ta ba. Na daka mata tsawa na ce uwar tawa za ta koya mini? Na ce tun ba a haife ta ba nake ɗan Inna. Ta ajiye kunun ta koma ciki tana share ido, ba ta sake ɗaga maganar ba.

Na buga kwafi sittin a Jega. Direbobi suka manna a gilashi, matasa suka ɗauka a waya suka watsa. Ba wanda ya yi tantama, tunda hannun Sabi'u ne. 'Yan unguwarmu da suka san ta ƙila sun ga abin da Ramatu ta gani, amma wa zai tari ɗa ya ce bai san uwarsa ba? Na aika wa Abdulrahman guda ashirin, ya ɗauki hutu ya hau babur yana zaga Maiyama har Sarandosa, shi da bai taɓa ganin Inna ba sai ta bayan labule. Ni kuma ina bin ƙauyukan Jega, albasata tana ruɓewa a fadama ban ko leƙa ta ba. An kira ni sau uku an ce an ga mai kama da hoton, sau uku ina zuwa ina gaida uwar wani.

A rana ta shida Abdulrahman ya kira ni da safe. Ya ce in taho Maiyama yanzu.

Ya tare ni a bakin titi ya kai ni bayan gari, gidan wata Bafulatana mai sayar da fura, sunanta Gudiya. A tsakar gida aka shimfiɗa mana tabarma. Ita ta ba da labarin, a hankali, tana duban ƙasa. Ranar kasuwar Jega da la'asar ta ga tsohuwa zaune a bakin titin Maiyama inda take ajiye ƙwaryarta, ba takalmi, leɓɓanta sun tsage. Ta ba ta fura, da yamma ta ja ta zuwa gida. Ta kai maganar ga mai unguwa, aka tambayi tsohuwar ina ne garinsu, ta ce gidan innarta za ta. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita. Jiya da rana ta cika, zafi bai bari a jira kowa ba, aka yi mata sutura kafin magariba.

“Na tambaye ta ko tana da ɗiya,” in ji Gudiya. “Tac ce ɗa guda gare ta. Nic ce mi as sunanai? Sai ta duƙe kai. Kullum ni tambaya, kullum ta duƙe kai. Ni ma ɗan fari gare ni, sai nig gane, nib bar ta.”

Wajen wankan gawa ne suka kwance ƙullin bakin zanenta, abin da ba wanda zai taɓa tana raye. Ciki akwai goro rabi da wani ambulan da aka ninke har ya yi laushi. Nawa ne. Wani ne da ya ɓace mini a zaure shekarun baya, na yi ta faɗa da yara a kansa. Sunan Abdulrahman da makarantarsa suna jiki, da haka aka neme shi.

Abdulrahman ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, “Sabi'u, na zo wajen matar ga. Rana ta uku da ɓatanta. Na nuna mata hoton bakin titi, tac ce akwai wata tsohuwa gidanta amma ko kusa ba wagga ba ta. Nic ce to Allah shi bayyana 'yan'uwanta, nih hau babur. Inna tana nan kwance, tahiyar minti biyat.”

Ya sa kuka yana neman gafarata. Na ce ya yi shiru. Laifin me ya yi? Ya yarda da hannuna ne, kamar kowa.

Gudiya ta shiga ɗaki ta fito da kwafin da ya bar mata. Na karɓa na duba, kuma a tsakar gidan nan, ba gaggawa ba tsawa, na ga abin da na zana. Kakata ce ta Sabiyal. Ita ce matar da na taɓa kallo ido cikin ido tana ba ni tuwo, ita ta taso mini ranar da na rufe ido na ce Inna. Hoton matar da ta rasu shekara talatin da uku na raba wa direbobi su nemo mini.

Aka kai ni maƙabarta. Ƙasar ba ta gama bushewa ba. Na tsuguna na yi addu'a, kuma ko a nan na tarar kaina a sunkuye yake, na kasa ɗagowa in dubi kabarin sosai. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban san da wa ba. Mutane suna ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ban musa ba. Amma ni na san wanda ya tare hanya.

Da muka koma yi wa Gudiya godiya, na ji ba zan iya tafiya haka ba. Fensir ba ya rabuwa da aljihuna. Na juya bayan kwafin nan na ce, “Baiwar Allah, ki taimake ni. Hwaɗa min yadda take.”

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ta dubi Abdulrahman, ya gyaɗa mata kai. Sai ta matso ta tsuguna nesa kaɗan.

Ta ce fuskar doguwa ce, na ja. Ta ce a'a, haɓar ta fi haka tsini, na goge na sake. Ta ce idon hagu ya fi na dama ƙanƙanta, kamar mai shirin yin dariya. Ta ce akwai tabo a kan girar dama, tsohon tabo, gashi bai fito a wurin ba. Na tsaya na ce tabo? Ta ce tabo mana, babba, ai shi mutum ke fara gani. Shekara talatin da uku muna gida ɗaya da Inna. Na sa tabon.

Mun fi awa ɗaya a haka, tana cewa a'a, ina gogewa, har takardar ta kusa hujewa. 'Ya'yanta suka taru a bayana, wata 'yar ƙarama ta ce bakin bai yi ba, tsohuwa tana da wushirya. Na buɗe leɓɓan kaɗan na sa. Gudiya ta karɓi takardar ta nisanta ta da idonta, sai ta kama baki, hawaye suka zubo mata.

“Ita ta. Wallahi ita ta.”

Yaran ma suka ce ita ce, har suna rige-rigen taɓawa. Ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa, na ɗaga kai na dubi matar da ke jikin takardar, na daɗe ina dubanta, ita ma tana dubana. Tsohuwa ce mai kyau, da alama mai son raha. Da a hanyar Jega na gamu da ita a cikin kwanakin nan shida, da na gaishe ta na nuna mata hoton, na tambaye ta ko ta ga uwata.